Kafin Ku Sayi Kwamfutar Tebur Mai Ƙarfi Don Gida

Da kaka ne kuɗi ke shiga hannun manomi, da kaka ne kuma buƙatun da aka yi ta ɗagawa tun bazara suke taso wa maigida gaba ɗaya. A 'yan shekarun nan wata sabuwar buƙata ta shiga layi tare da kuɗin makaranta da kwanon rufi. Yaro ko yarinya za su dawo hutu su ce suna son kwamfuta, kuma ba kowace iri ba, sai "mai ƙarfi". Iyaye da dama sun tare mu da wannan magana a ƙauyukan da muke zagayawa, wasu kafin su saya, wasu bayan kuɗin ya riga ya tafi. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ta fili a wannan fitowa.

Buƙatar yaran ba ta wasa ba ce. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma yaron da bai taɓa riƙe maus ba sai ranar jarrabawa ya riga ya shiga da rauni. Wanda ke karatun zanen gini a kwalejin fasaha yana buƙatar inda zai gwada AutoCAD. Akwai matasanmu da ke cin abinci da ɗaukar bidiyon biki, da buga katin aure, da haɗa waƙoƙin ƙungiyoyin mawaƙa. Amma kuɗin kwamfuta mai kyau kuɗin buhunan masara ne masu yawa, wani lokaci kuɗin bijimi ne sukutum. Idan aka yi kuskure a irin wannan ciniki, sai wata kakar.

Wane aiki za ta yi?

Tambayar farko ba ta shafi kwamfuta ba, ta shafi aiki. Wanda zai kai buhu biyu kasuwa ba ya hayar tirela, wanda zai kwashe amfanin gonar gandu kuma ba ya neman amalanke. Kafin a je kasuwa, a zauna da wanda zai yi amfani da ita a tambaye shi sunan manhajar da zai buɗe kowace rana.

Idan amsar ita ce buga takardu, lissafin adashi ko na ƙungiyar manoma, karatu a intanet da gwajin tambayoyin jarrabawa, to kwamfutar ofis mai matsakaicin ƙarfi ta isa har ta yi yawa. Mafi yawan gidajenmu nan suke. Idan aikin zanen kati da kalanda ne da CorelDRAW ko Photoshop, ko haɗa sauti, ana buƙatar a ƙara hawa mataki ɗaya. Mutum na uku shi ne mai yanka bidiyo mai tsawo, mai zanen gini mai siffa uku, ko mai wasannin kwamfuta na zamani. Shi kaɗai ne ke buƙatar abin da 'yan kasuwa ke nufi da babbar kwamfuta. Iyaye, kada ku ji nauyin yin wannan tambaya. Wani lokaci idan aka bi diddigi, "aikin makaranta" wasan ƙwallo ne a allo. Wasa ba laifi ba ne, amma ya kamata mai sayar da bijimi ya san abin da yake saya.

Wasu za su ce me ya sa ba za a sayi ta cinya ba, wato laftof. Laftof tana da batir a jikinta, wannan babbar fa'ida ce a inda wuta ba ta tsayawa. Amma a kuɗi ɗaya, ta tebur ta fi ƙarfi, ta fi jure zafi, kuma idan wani abu ya mutu a cikinta ana cire shi kaɗai a sa wani. Kibod ɗinta idan ya lalace ana sayen sabo a kowane gari. Ba a saka ta a jaka a fita da ita, don haka ba ta faɗuwa daga kan mashin, ɓarawo kuma ba ya ɗauke ta cikin sauƙi. Tana zama a falo inda ƙanne za su koya a kanta, iyaye kuma suna ganin abin da ake kallo.

Abin da ke cikin akwatin

Bari mu kwatanta da abin da muka sani. A lokacin sussuka akwai rumbu inda hatsi yake, akwai masussuka inda ake baje shi, akwai kuma mutanen da ke dukan. Haka cikin kwamfuta yake. Rumbun shi ne wurin ajiyar takardu da hotuna. Masussukar ita ce ram, inda ake baje aikin da ake yi a yanzu. Masu dukan su ne firosesa, wadda wasu ke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, sauran biyun jira za su yi.

A kan firosesa ne aka fi cutar mutanenmu, saboda haka za mu ɗan daɗe a nan. Kamfanoni biyu ne ke yin mafi yawan waɗanda za ku gani a kasuwa, Intel da AMD. Na Intel suna da suna kamar Core i3, i5 da i7, kuma kowa ya ji cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3. Wannan gaskiya ne kawai idan shekarar haihuwarsu ɗaya. Intel na fitar da sabon zubi kusan kowace shekara, 'yan kasuwa na ce masa "jen". Zubi na 2 ya fito a 2011, na 4 a 2013, na 6 a 2015, na 8 a 2017, na 12 a ƙarshen 2021. Core i7 ta 2011 tsohuwa ce tukuf. Core i3 ta zubi na 12 za ta wuce ta da gudu ba tare da ta waiwayo ba, kuma ba ta kai ta shan wuta ba. Saniya mai shekara goma sha huɗu saniya ce, amma ba wanda zai biya mata kuɗin karsana.

Yadda ake gane zubin yana da sauƙi, kowa zai iya koya. Bayan sunan akwai lamba. Idan lambar mai huɗu ce, ta farko ita ce zubin: i7-2600 zubi na 2 ne, i5-8500 zubi na 8 ne. Idan mai biyar ce, biyun farko ne zubin: i5-12400 zubi na 12 ne. Ku rubuta wannan a takarda ku sa a aljihu. Mai shago da ya ce muku "i7 ce" ya yi shiru, ku tambaye shi sauran lambar. A cikin kowace firosesa kuma akwai ma'aikata da ake kira kor, kamar yawan mutanen da suka zo gayya. Waccan i7-2600 kor 4 gare ta, i5-8500 kuwa 6. Na kamfanin AMD ana kiransu Ryzen, sun fara fitowa a 2017, kuma suna da kyau ƙwarai. Ryzen 5 na jerin 5000 ya ishi kusan duk aikin gida.

Akwai dalili na biyu da ya sa muke matsa muku a kan zubi na 8. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaron da ya saba aikawa. Ya ba da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista zuwa Oktoba 2026, amma wannan ba abin da za a gina ciniki a kansa ba ne. Wanda ya gaje shi, Windows 11, ya fito a 2021, kuma yana da sharuɗɗa: ban da 'yan ƙalilan, ba ya karɓar firosesar Intel da ta gaza zubi na 8, ko Ryzen da ya gaza jerin 2000, kuma sai kwamfutar tana da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ofisoshi a Turai da Amurka kan sallami kwamfutocin da suka tsufa, kuma kasuwanninmu na cikin inda irin waɗannan kaya ke sauka. Za ku gan su tsaf-tsaf, da araha mai jan hankali. Wasu masu gyara sun iya tura Windows 11 cikin tsohuwar kwamfuta ta ƙofar baya, ta tashi kamar babu komai. Microsoft da kansa ya ce bai yi alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan gyara ba. Don haka ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce, lambar firosesa ce shaida.

Ba muna cewa tsohuwar kwamfuta ta zama shara ba. Wanda ya riga ya mallaki ɗaya yana iya sa mata Linux Mint, wanda kyauta ne, tare da LibreOffice na buga takardu da lissafi, ta ci gaba da aiki shekaru. Sai dai CorelDRAW da AutoCAD ba a yi su don Linux ba. Kuma abin da ya dace da wanda yake da ita a hannu dabam yake da abin da ya dace da wanda zai fitar da kuɗi yau.

Ram ana auna shi da GB. Windows 11 na tashi da 4, amma tashi kawai zai yi, kamar a baje buhu goma a kan tabarma ɗaya. 8 shi ne mafi ƙanƙanta da za mu yarda da shi. 16 ne inda mutum zai sake, kuma shi muke ba mai zane shawara. Mai bidiyo ya nemi 32 idan hali ya yi. Ram iri-iri ne, DDR3, DDR4 da DDR5, kuma wani ba ya shiga ramin wani. DDR3 alamar tsohuwar kwamfuta ce. Daga ƙarshen 2025 farashin ram ya hau sosai a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe shi, don haka kada ku yi mamaki idan ƙarin 8 GB ya yi tsada. Ku sa a buɗe akwatin ku ga ko akwai ramin da babu komai a ciki. Idan akwai, ana iya farawa da 8 a ƙara bayan kaka mai zuwa.

Rumbu iri biyu ne. Tsohon iri, HDD, faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da allura mai bin sa. Yana da araha da faɗi, amma yana da nawa, kuma ba ya son girgiza ko ɗaukewar wuta ba zato. Sabon iri, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Na gama-gari ya ninka HDD gudu wajen sau uku ko fiye, wanda ake kira NVMe kuma ya ninka wannan ɗin sau da yawa. Idan da za a ce mu zaɓi abu ɗaya tak da ke sa kwamfuta ta ji kamar sabuwa, SSD za mu zaɓa. Mai shago zai iya nuna muku HDD mai 1,000 GB ya ce ya fi SSD mai 256 GB domin lambarsa ta fi girma. Faɗi ya fi, ba gudu ba. Ku ɗauki SSD na 256 ko 512 GB don Windows da manhajoji. Mai tara bidiyo ya ƙara HDD a gefe don ajiya, akwatin tebur yakan ɗauki duka biyun.

Sai katin hoto, wanda matasa suka fi zumuɗi a kansa. Yawancin firosesa suna da nasu mai zana hoto a ciki, kuma ya isa kallon fim, buga takardu da zanen kati. Katin hoto na dabam, irin na Nvidia ko AMD, na mutum na uku ne da muka ambata. Shi ne sau da yawa ya fi komai tsada a akwatin, shi ne kuma ya fi komai shan wuta. RTX 4060 na jan wajen wat 115, RTX 3060 wajen 170, babban RTX 4090 kuwa har 450 shi kaɗai. Wannan ya kawo mu ga maganar da mai shago a birni ba zai taso muku da ita ba.

Wutar da ke gidanku

Kwamfutar tebur ba ta da batir. Wuta ta ɗauke, ta mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi. An daɗe da canza wa NEPA suna, an sayar da rabon wuta ga kamfanoni a 2013, an kuma kasa masu amfani rukuni-rukuni, daga rukunin A da aka ce zai sami awa 20 a rana zuwa rukunin E mai awa 4. Kowannenmu ya san inda ƙauyensu ya faɗa, wasu ma turakun wuta ba su kai gare su ba. Saboda haka ƙarfin kwamfutar da za ku iya riƙewa yana rataye ne a kan janareta ko solar da kuke da ita.

Bari mu yi lissafi tare. Kwamfutar ofis da allonta suna jan abin da bai wuce wat 100 ba a aikin yau da kullum. Awa 5 a rana ya zama 500, wato wat sau awa. Babbar kwamfuta mai katin hoto idan tana cikin aiki tana iya jan wat 400. Awa 5 ya zama 2,000. Babban batir ɗin inbata da aka saba gani, mai bolt 12 da amfiya 200, yana ɗauke da 2,400 a rubuce. Amma irin na ruwa ba a shanye shi ƙasa da rabi in ana so ya daɗe, don haka 1,200 ne naku, inbata kuma za ta ci nata kaso a hanya. Kun ga batir ɗaya zai riƙe kwamfutar ofis yini guda har a kunna fitila da dare, amma babbar za ta shanye shi kafin awa uku. Faifan sola mai wat 300 a rana mai kyau yana tara abin da ya kai 1,200 zuwa 1,500, a watan Agusta mai hadari kuwa ƙasa da haka. Wanda ya sayi babbar kwamfuta ya sayi ƙarin batir da ƙarin faifai, ko ya sani ko bai sani ba. Idan janareta ne, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kowa ya san abin da awa ɗaya ke ci.

A nan ne muke son ku san wata irin kwamfuta da ba a cika kula ta ba saboda ƙanƙantarta. Dell, HP da Lenovo duk suna yin 'yan ƙananan na ofis da ba su fi littafi mai kauri girma ba, a cikin jerin OptiPlex, EliteDesk da ThinkCentre. Da yawansu na aiki da caja mai wat 65 irin ta laftof, kuma a aikin takardu ba sa jan ko rabin haka. Wadda ke da i5 na zubi na 8 ko sama, ram 16 da SSD, za ta yi duk aikin mutum na ɗaya da mafi yawan na mutum na biyu a kan 'yar ƙaramar sola. A ganinmu, ga gidan ƙauye, wannan ita ce mai ƙarfin gaske, domin ita ce za ta kasance a kunne. Aibinta ɗaya ne: ba ta da wurin sa katin hoto. Haka su ma sirara na ofis masu matsakaicin girma, akwatin wutarsu ƙarami ne, babban kati ba zai zauna ba. Wanda ya san zai buƙaci kati nan gaba ya sayi doguwar mai tsaye tun farko.

Ko wace iri aka saya, a sa kuɗin UPS cikin lissafi tun daga gida. UPS ɗan akwati ne mai batir da ke karɓar kwamfuta da zarar wuta ta ɗauke. Ba don a ci gaba da aiki aka yi shi ba, mintoci kaɗan yake bayarwa don a adana aiki a kashe cikin tsari. Ƙarami mai 650VA ya ishi kwamfutar ofis, bai ishi mai katin hoto ba. Batirinsa na gajiya bayan shekara biyu ko uku a zafinmu, ana canza batirin kaɗai. Inda wuta ke zuwa tana hawa da sauka, sitabilaiza ma ta zama dole. Ƙaramin janareta yana iya ɗaukar kwamfutar ofis, amma kada a haɗa ta layi ɗaya da dutsen guga ko firji, domin duk lokacin da suka kama, wutar na nutsewa. Masu sayen inbata kuma su nemi wadda wutarta ke fita sumul irin ta NEPA. Masu arahar nan da ke sa fanka gurnani ba sa yi wa akwatin wutar kwamfuta daɗi.

A kasuwa

Sabuwa a kwali tana zuwa da garanti, ga wanda ke da hali ita ce kwanciyar rai. Amma mun san yawancinmu ta hannu za mu saya, wadda ake ce wa tokumbo ko Beljiyam, kuma babu abin kunya a ciki. Kwamfutocin ofis an yi su ne don su yi shekaru suna aiki daga safe zuwa yamma, kayan gyaransu kuma suna samuwa. Babbar mahadar wannan kaya ita ce Computer Village a Ikeja ta Legas, daga nan suke bazuwa zuwa Banex a Abuja, Farm Centre a Kano, da shagunan Jos da Kaduna. Ba za mu rubuta farashi ba, domin tun da aka saki naira a 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ku tambayi shago uku kafin ku ciro kuɗi.

Kada a yi cinikin biri a sama. Hoton da aka turo ta waya da 'yar takardar da ke manne a jikin akwati duk ba hujja ba ne, takarda ana ɓare ta a manna wata. A kunna kwamfutar a gabanku. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi zai buɗe mai suna Task Manager, a shiga ɓangaren Performance. Nan kwamfutar da bakinta za ta faɗi cikakkiyar lambar firosesa, yawan ram, da ko rumbun SSD ne ko HDD. A gwada da abin da ke takardar aljihunku. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke nuna lafiyar rumbu da adadin awoyin da ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. Mai shagon kirki ba zai ƙi buɗe muku ita ba. Wanda ya fara ɓata rai don kun nemi gani, ku yi masa sallama ku shiga na gaba.

Ku bar ta a kunne kamar rabin awa, a sa bidiyo ya yi ta tafiya. Ku saurari fankar ciki, ƙara mai kaushi ko kashe kanta da kanta alamar zafi ce. A gwada kowane ramin filash, da na sauti, da na allo. A kashe a sake kunnawa a ga ko za ta nemi kalmar sirri tun kafin Windows ya tashi, domin wasu na zuwa a kulle daga ofishin da suka fito, kuma buɗe su wahala ne. A tambaya ko tana kama intanet ba tare da waya ba, yawancin na tebur ba sa yi sai an sa musu ɗan abin kamawa mai kama da filash. Wannan ba shi da tsada, amma gara a saye shi a ranar da a koma gari dominsa.

Ga wani ƙaramin abu da ya ƙona kwamfutoci da yawa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa wajen rabin haka. Wasu tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan makunni a baya, kusa da inda wayar wuta ke shiga, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. Idan yana kan 115 aka soka a wutarmu, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Ku duba shi a shago, ku sake dubawa a gida, ku kuma gargaɗi yara kada su taɓa shi.

Allo kada a tsuke masa hannu da yawa, shi ido zai kalla shekara da shekaru. Mai inci 22 ko 24 na LED ya isa, wutarsa wajen wat 20 zuwa 25 ce. Tsofaffin masu ƙeya kamar talabijin na da, ko kyauta aka ba ku, wutar da za su sha ta fi ƙimarsu. A tabbata bakin wayar allon ya dace da ramin da ke bayan kwamfutar, domin na ofis da yawa ba su da HDMI, wani rami gare su mai suna DisplayPort da ya yi kama da shi amma ba ya karɓar wayarsa.

A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, da abin da ke cikinta, da kwanakin da aka yarda za a iya dawo da ita. Alkawarin baki ba ya bin mutum zuwa ƙauye. Rasit ɗin kuma shi ne zai fitar da ku idan wata rana aka ce kayan sata ne. Idan akwai malamin makaranta ko wani matashi a ikkilisiya da ya san kan abin, a biya masa kuɗin mota ya raka ku, kuɗin motarsa bai kai abin da zai iya cece ku ba.

Bayan an kawo ta gida

Ƙura ce babbar abokiyar gabar kwamfutar tebur, domin fankarta na zuƙo iska daga ɗaki ta hura a kan firosesa. Da hunturu, ƙurar na taruwa kamar auduga ta toshe hanya, zafi ya ƙaru, kwamfutar ta rage gudu don ta tsira. Mutane kan ce ta tsufa, alhali shaƙewa ta yi. Kada a ajiye ta a ƙasa, a ɗora ta a tebur, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. A rufe ta da zane idan an kashe, a yaye zanen kafin a kunna. Bayan hunturu a cire wuta, a buɗe gefenta a waje, a hure da abin hura iska ko famfon keke, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ba a sa ruwa, ba a sa tsumma mai laima. Kyankyasai da tururuwa na son ɗumin ciki, ɓera kuma na son waya, don haka ba a cin abinci a teburin.

Da damina kuwa, da zarar hadari ya haɗo an fara walƙiya, a zare wayar daga bango gaba ɗaya. Kashe makunni bai isa ba, kuma UPS ba ya tare aradu. Mutanenmu na kan tudun Jos da Mambila sun fi kowa sanin wannan.

Idan wata rana kuka ga kwanan wata da agogon kwamfutar suna komawa baya duk lokacin da aka kunna, har shafukan intanet suna ƙin buɗewa, kada mai gyara ya tsorata ku da babban lissafi. Wani ɗan batir ne mai kamar kwabo a kan allon ciki ya mutu. Lambarsa CR2032, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Takardun da ba a so a rasa, irin su sakamakon jarrabawa, hotunan aure da lissafin adashi, a riƙa kwafe su a filash kowane ƙarshen wata, a ajiye filash ɗin a akwatin mama, ba a jikin kwamfutar ba.